Kano zuwa Jidda: batun tafiyar Hajiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Kumasi baki ɗaya. Hajiya tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, sai dai har yanzu da sanda take zuwa masallacin unguwa.

Ka tambaye ni ko za ta iya jure zaman jirgi idan za ta je Umara. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an miƙe, kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. Jirgi ya tashi ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa samaniyar Chadi, ya bi ta kan Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, sai Jidda.

To amma kada ka yi lissafi da taswira kawai. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, sai aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye. A aikin hajjin shekarar sai da kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin dala 250 kan kowace kujera saboda tsawon hanya da kuɗin mai. Don haka kafin ka tura kuɗi, a tambayi ejan ɗin awa nawa jirgin zai yi a sama, kuma kai tsaye ne ko sai an yada zango. Ni dai ban yarda a saya mata tikitin da zai biya ta Alƙahira ko Addis Ababa ba, komai arahar sa. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, ba Larabci ba Turanci, a zaunar da ita rabin yini a filin jirgin wata ƙasa? A'a.

Na yi mata wannan bayani, sai ta yi dariya. Wai kakanta da ƙafa ya tafi, ta Barno da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Darfur, yana noma a hanya yana tara guzuri har Suwakin, inda ake shiga jirgin ruwa. Cikin ayarinsu ma wasu ba su dawo ba, jikokinsu na can Mai Wurno ta Sudan, a bakin Kogin Nilu. Ta ce ita awa biyar ce za ta gagare ta?

Abin da ya rage: a nema mata keken guragu tun wajen sayen tikiti, da kujerar bakin hanya don zuwa bayi. Ta sa harami tun daga gida, tunda a sama ake wuce miƙati. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, ku kuma da awa uku, saboda haka kada ka riƙa buga mata waya bayan isha'inku.

Ka turo mini hoton fasfonta in duba ranar ƙarewarsa. A gaida Maman yara.

Naka,
Amininka a Kano