A Bar Wa Magana Gishirinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in yi magana a kan shirinku na kiran waya a rediyo da nake saurara kusan kullum daga nan Tudun Wadan Zariya. Kwanan baya wani dattijo manomi ya bugo daga wajen Giwa yana kukan tsadar taki. Ya fara da "to, wato dai, abin nan fa...", kafin ya kai ga kuɗin buhu sai aka ce masa, "Baba, a taƙaice," aka kashe layin. Daga baya mai gabatarwa ya ja hankalin masu kira su daina cika magana da kalmomin da ba su da amfani. Wannan hukuncin ne ya tsaya mini a rai.

Na yi shekaru ina koyar da Hausa a firamare, kuma na san akwai maganar da ke gajiyar da kunne. Mutum ya yi ta "ka gane? ka gane?" alhali bai faɗi abin da za a gane ba, ko ya riƙa tsarma Turanci don a san ya ratsa jami'ar da ke Samaru. Wannan kam a gyara. Amma dai, fa, ma, kam, kuwa da kuma ba shara ba ne. Masana harshe suna kiransu gishirin Hausa. A gwada: "Audu ma ya zo" na nufin akwai waɗansu da suka zo. "Audu kam ya zo" na nuna shi an tabbatar, sauran ne ake shakka. "Audu fa ya zo" gargaɗi ne, a yi hattara ko a tashi a tarbe shi. "Audu dai ya zo" kuwa, mai faɗi bai gamsu ba, akwai sauran zance a cikinsa. Kalma guda ta sauya, labari ya sauya. Wanda ya tsince su daga bakin Bahaushe ya bar shi da miya lami.

Jinkirin ma da ake kira inda-inda, sau da yawa ladabi ne. Wane ne a garin nan zai shiga gida ya ce wa mutum kai tsaye mahaifinsa ya rasu? Sai ya zauna, ya gaisa, ya ce, "To... Malam dai, wato jikin ya yi tsanani... sai haƙuri." A cikin wannan ɗan shirun ne mai jin yake shirya zuciyarsa. Matar da ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari, idan ta tsaya ta ce "shi wannan" ko "yaron nan", ba mantuwa ta yi ba, kunya ce da aka raine ta a kai. Idan ka roƙi dattijo abu ya ja numfashi ya ce "e to...", ya riga ya ba ka amsa ba tare da ya kunyata ka ba.

Maimaici kuma ai da shi muka yi karatu. A zaurukan malamai na cikin birni, ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, ya sake nanatawa, ɗalibi na cewa "na'am, na'am" a kowace gaɓa. Kaka tana tatsuniya ta ce "ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya", yaro ya ji nisan hanyar a jikinsa. Rubutu ne ba ya son maimaici, don mai karatu na iya komawa baya. Zariya ta san rubutu, tun da nan ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Amma rediyo kunne yake yi wa aiki, kuma abin da ya wuce kunne ya wuce.

Akwai waɗanda abin ya fi shafa, su ne masu in'ina. Kusan mutum 1 cikin kowane 100 na manya yana fama da ita. Na koyar da yaro mai kaifin basira wanda ya daina ɗaga hannu a aji saboda dariyar 'yan uwansa, sai da muka hana kowa ƙarasa masa magana sannan ya dawo. Irinsa idan ya ji yadda aka katse dattijon Giwa, ba zai taɓa buga muku waya ba.

Na san lokacin shiri ƙayyadadde ne, katin mai kira ma yana ci. Roƙona shi ne a rage yawan masu kira, a bar kowa ya kai aya. Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ce ranar wayar da kai game da in'ina a duniya. Ku ware mata shiri, ku gayyato masu ita su yi magana da bakinsu. Dattijon nan kuma, idan lambarsa na nan a wurinku, ku neme shi ya ƙarasa zancen takinsa, don mu ma muna son mu ji nawa ya sayi buhu.

Na gode.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya