Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Besbol, Rob Manfred: A Goge Dokar 2018

Yallaɓai Kwamishina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kallo ne daga unguwar Bronx, ɗaya daga cikin masu hawa jirgin ƙasa mai lamba 4 su sauka a titi na 161, inda filin kulob ɗinmu New York Yankees yake, su sayi tikitin kujerun can sama inda kuɗi ya fi sauƙi. Aikin awa nake yi, kamar yawancin waɗanda nake zama da su a wurin. Ba zan ja ka da nisa ba.

Maganar dokar nan ce ta watan Maris na 2018, wadda kuka raɗa wa suna Save America's Pastime Act. Ka san ta fiye da ni, tunda ofishinka ne ya yi ta zarya a Washington yana kamun ƙafa har aka samu. Kai lauyan ƙwadago ne tun kafin ka hau wannan kujera a Janairun 2015, kana kuma cikin lauyoyin masu kulob lokacin yajin aikin 1994, wanda ya sa aka fasa World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, a shekarar. Saboda haka ba sai na karanta maka dokar ƙwadago ta 1938 ba, wadda ta ce duk wanda ya yi aiki a biya shi mafi ƙarancin albashi a kan kowace awa, in ya wuce awa 40 a mako kuma a ƙara masa. Abin da dokarku ta yi shi ne ta zare 'yan wasan ƙananan rukunai, inda kulob-kulob ke rainon matasa kafin su kai babbar gasa, daga wannan inuwa. Ta ce muddin an ba yaro kuɗin awa 40 a mako a lokacin gasa, to an sallame shi, komai yawan awannin da ya yi. Dala 7.25 sau 40, dala 290 ke nan. Atisayen share fage na Fabrairu da Maris a Florida da Arizona ba ya cikin lissafi. Watannin hutu ma, da kulob ke bukatar yaro ya ci gaba da motsa jiki da kula da abin da yake ci, ba sa ciki.

Yadda aka shigar da ita ma abin kunya ne. A 2016 an fito da ita a fili, masu kallo suka yi ca, har ɗaya daga cikin 'yan majalisa biyun da suka gabatar da ita, Cheri Bustos, ta janye hannunta ba tare da ɓata lokaci ba. A lokacin ne ofishinka ya fitar da sanarwar cewa mafi yawan waɗannan yara ba sana'a suke yi ba, koyon aiki ne na ɗan lokaci. Da kuka ga ta ƙofar gaba ba ta yiwu ba, sai kuka jira shekara biyu, aka cusa ta a shafi na 1,967 na wani kundin kasafin kuɗi mai shafi 2,232, na dala tiriliyan 1.3, wanda dole 'yan majalisa su amince da shi cikin gaggawa ko gwamnati ta tsaya cak. Ba a yi zaman jin ra'ayi ba. Ba a kira ɗan wasa ko ɗaya ya faɗi nasa ba. Madalla da wannan ƙwarewa, Yallaɓai. Lauya ya yi aikinsa.

Ka taɓa lissafa awannin yaron da ke buga wasa a ƙananan rukunai? Wasan ƙarfe bakwai na yamma, amma tun bayan azahar yana fili: ɗaga ƙarfe, atisayen bugu, kallon bidiyo, a gasa masa kafaɗa. A tashi wajen goma na dare. Kwana shida a mako. In jerin wasanni ya ƙare a hau bas a kwana a hanya zuwa wani gari. Kafin ku fara ba su masauki a 2022, mutum biyar ko shida ke haɗa kuɗi su kama gida mai ɗaki biyu, su baje katifun hurawa a falo, wasu kuma a mota suke kwana. A 2021 duk mun ga hotunan abincin da aka ba yaran kulob ɗin Oakland bayan wasa: burodi yanka biyu, ɗan cuku, ɗan ganye da yankan tumatir, har sai da shugaban kulob ɗin ya fito ya amsa cewa abin bai dace ba. A 2020, da korona ta hana wasa, mai wannan kulob ɗin, John Fisher, ya yanke musu alawus ɗin dala 400 na mako, sai da surutu ya yi yawa ya mayar. Masu Washington Nationals suka rage nasu zuwa 300, manyan 'yan wasan kulob ɗin suka ce za su cike giɓin daga aljihunsu, kunya ta sa aka fasa ragin. David Price kuwa, babban ɗan wasan Dodgers, dala 1,000 ya ba kowane yaro na ƙananan rukunan Dodgers. Ma'aikaci na biyan ma'aikaci, masu biliyoyi na kallo. Mu a wurinmu wannan shi ake kira kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A kujerunmu na sama ana gardamar nan sosai, kuma ba duka ne ke tare da ni ba. Akwai wani dattijo direban tasi da kullum yake ce mini, wasa suke yi, ba wanda ya tilasta musu, in ba su so su je su nemi aiki kamar kowa. Wani kuma ya ce ai an ba su kuɗin sa hannu. Na farkon ina ce masa, shi ma ba wanda ya tilasta masa tuƙi, amma in fasinja ya sauka bai biya ba sai an ji su a titi. Na biyun kuma ya san cewa miliyoyin sa hannu na waɗanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa ne, yaron da aka ɗauka a can ƙarshen layi, musamman wanda ya gama jami'a ba shi da wata mafita, abin da ake ba shi ba ya kai ko'ina. Kuma in ana saida tikiti, ana saida riga, ana saida lemo a kan guminka, to ko me aka kira abin da kake yi, aiki ne. Alƙali Joseph Spero ma haka ya yanke a Maris na 2022: waɗannan yara ma'aikata ne duk tsawon shekara.

Wannan shari'a ce da Aaron Senne, tsohon ɗan wasan ƙananan rukunai, da abokansa suka shigar tun 2014, lauyansu Garrett Broshuis kuma tsohon mai jefa ƙwallo ne a ƙananan rukunai, ya ɗanɗana abin da kansa. Shekara takwas kuna ja. A Yulin 2022 kuka amince za ku biya dala miliyan 185. Kwanaki kaɗan bayan haka, a Los Angeles, 'yan jarida suka tambaye ka, ka ce kai ba ka yarda ba cewa ba a biyan yaran abin da zai riƙe su. A lokacin albashin rukuni mafi ƙanƙanta dala 400 ne a mako, a watannin gasa kawai, kimanin 4,800 a shekara. Ina roƙonka, wane gari ne a Amurka mutum zai rayu da dala 4,800 a shekara? Faɗa mana mu ma mu koma can.

Na san amsar da za ka bayar: an wuce wurin. Gaskiya ne an samu canji, ba zan rage maka ba. A Satumban 2022 kuka amince da ƙungiyar ƙwadagonsu ba tare da jan-in-ja ba, a 2023 aka sa hannu a yarjejeniya ta farko. Albashin shekara na rukuni mafi ƙanƙanta ya tashi daga dala 4,800 zuwa 19,800, rukunin Double-A daga 13,800 zuwa 30,250, na Triple-A daga 17,500 zuwa 35,800. Sai dai kafin nan kun riga kun rage kulob-kulob daga 160 zuwa 120. Staten Island Yankees da ke nan kusa da mu tana cikin waɗanda aka shafe, tare da masu share fili da masu saida tikiti da ke ci a wurin. Zagayen ɗaukar sabbin 'yan wasa ya sauko daga 40 zuwa 20. Yawan yaran da kulob zai iya riƙewa a cikin ƙasa ya koma 165 daga 180. Wato an ƙara wa wasu, an kori wasu. Duk wannan a harkar da kuɗin shigarta ya haura dala biliyan 12 a 2024, inda mutum ɗaya, Juan Soto, ya sa hannu a kan miliyan 765.

Kuma dokar tana nan daram. Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Albashin da yaran ke karɓa yau yarjejeniya ce ta ba su, ba doka ba, yarjejeniyar kuma ta shekara biyar ce, za ta ƙare bayan kakar 2027. Ranar da aka koma teburi, lauyoyinka za su zauna suna sane da cewa in magana ta watse, abin da dokar tarayya ta tilasta muku shi ne dala 290 a mako na wata biyar ko shida. Yaran ma sun san haka. Wanda ya san ƙasan da zai faɗa a kai rami ne, ba ya iya ɗaga murya. In da gaske an wuce wurin, me kuke ajiye ta ku yi da ita? Kuma me ya kai ku Florida a 2023 kuna neman jihar ta cire yaran daga nata mafi ƙarancin albashin, wanda masu zaɓe suka kaɗa ƙuri'a a 2020 cewa a ɗaga shi a hankali zuwa dala 15? Ga kariyar da Kotun Ƙoli ta ba ku tun 1922 daga dokar hana babakere, wadda dokar Curt Flood ta 1998 ta ɗage wa manyan 'yan wasa kawai, ta bar ƙanana a ciki. Kariya nawa mai kuɗi yake bukata daga yaro ɗan shekara 19?

Abin da ke ƙara ba mu haushi shi ne mun ga yadda hannunka ke yin laushi in abin ya shafi manya. A 2017 'yan Houston Astros suka kafa kyamara a can tsakiyar fili suna leƙen alamun mai cafe ƙwallo, suna buga kwandon shara don sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe. Su suka fitar da mu Yankees a wasa na bakwai, suka je suka ci kofi. Sai da tsohon ɗan wasansu Mike Fiers ya tona a Nuwamban 2019 sannan aka yi bincike. Hukunci: tarar dala miliyan 5, an ƙwace musu damar ɗaukar sabbin 'yan wasa a zagaye biyu na farko na shekara biyu, an dakatar da koci da manaja. Ɗan wasa ko ɗaya ba a taɓa ba, kofi kuma yana nan a Houston, ka ma kira shi guntun ƙarfe, daga baya ka nemi afuwa. Namu kulob ɗin ma ba wankakke ba ne, an ci shi tarar dala 100,000 a kan amfani da wayar benci ba bisa ƙa'ida ba, ba na ɓoye wannan. Amma ka dubi bambancin: mai kulob ɗin da aka yi maguɗi a gidansa ya biya abin da bai kai albashin ɗan wasa matsakaici biyu ba ya ci gaba da harkarsa.

Caca kuwa, tun da Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa a 2018, kun rungumi kamfanoninta hannu biyu. Ba a iya kallon wasa a talabijin ba tare da an nuna wa mutum farashin jifa ta gaba ba. Sannan a 2024 aka kori ɗan wasa Tucupita Marcano har abada saboda ya yi caca a kan besbol, tafintan shahararren ɗan wasa Shohei Ohtani ya sace wa Ohtani kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca, a 2025 aka tuhumi masu jefa ƙwallo biyu na Cleveland da laifin shirya jifa don 'yan caca. Hukunta su daidai ne. Sai dai in ka bar yaro da ɗan albashi, ka kuma jera masa tallar caca a bangon filin da yake wasa, kada ka yi mamakin wanda zai buga masa waya da dare.

Akwai sauran. Yaran Jamhuriyar Dominika da ake sa wa hannu suna da shekara 16, bayan an yi musu alkawarin baka tun suna 13, yarjejeniyar 2023 ba ta haɗa da gasarsu ba. Masu saida abinci a filin Fenway na Boston sun shiga yajin aiki a Yulin 2025, za ka ce ma'aikatan wani kamfani ne ba naka ba. Ƙwallon kanta a garin Turrialba na Kosta Rika ake ɗinka ta da hannu, a masana'antar Rawlings da kuke da hannun jari a ciki. Waɗannan sai wata wasiƙar.

Don girman Allah, Yallaɓai, ba wani abu mai wuya nake nema ba. Ka ce za ka sauka a Janairun 2029. Kafin nan akwai yarjejeniyar manyan 'yan wasa da ke ƙarewa ranar 1 ga Disamba 2026, kuma bayan garƙame filaye na kwana 99 da kuka yi daga ƙarshen 2021, kowa ya san inda hankalinka zai karkata. Manya suna da lauyoyi da asusun yajin aiki, za su iya da ku. Kafin hayaniyar ta taso, ka rubuta wa majalisar dokoki takarda da sunanka, ka ce hukumar besbol ba ta bukatar dokar 2018, a goge ta. Ka tura mutanen da suka yi zaryar shigar da ita su yi zaryar fitar da ita, sun san ofisoshin. In albashin da kuke biya yanzu ya riga ya wuce abin da dokar ƙwadago ta tanada, kamar yadda kuke faɗa, to ba abin da za ku rasa sai wahalar rubuta awannin da yaro ya yi, kuma wannan ko mai shagon kusurwar layinmu yana yi wa ma'aikatansa. In kuma akwai abin da za ku rasa, ka fito ka faɗi nawa ne, mu ji.

Na gode.

Naka,
Wani ɗan kallo daga Bronx, New York