Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Cacar Ƙwallo a Shaguna da Wayoyi

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Ta hannun mai girma Uban Ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, mu ne talakawan Sarki daga Mabera da Gawon Nama da Arkilla da Runjin Sambo, cikinmu akwai limamai da malaman makaranta da 'yan kasuwa da iyaye mata. Mun kawo kukanmu ne a kan cacar ƙwallo, wadda ta shigo unguwanninmu ta ƙofar shago, yanzu kuma ta tare a cikin wayoyin 'ya'yanmu. Ba mu zo faɗa wa fada hukuncin caca a Musulunci ba, domin aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun gama magana, kuma a wannan gida muka koyi karatun. Abin da ya kawo mu shi ne dokar ƙasa, wadda aka daɗe ana rufe mana baki da ita, alhali yau ta sauya, mutane da yawa ba su sani ba.

Wata uwa daga cikin masu sa hannu a wannan takarda ta zo wanki, ta lalubi aljihun wandon makarantar ɗanta mai shekara goma sha biyar, sai ta zaro wasu takardu farare masu santsi, irin waɗanda injin POS ke fitarwa, ɗaya ta kusa kai tsawon kamu guda. Ta ɗauka rasit ne na makaranta. Sai da ƙanenta ya duba ya ce mata tikitin caca ne, sunayen ƙungiyoyin ƙwallon Ingila da Sifen ne jere a kai, a ƙasa kuma an rubuta naira 200 da yaron ya zuba, da dubban da aka ce zai ci. A ranar ta gane inda kuɗin tara da kuɗin cefanen da ke ɓacewa a ƙarƙashin katifa suke tafiya. Wani ɗan kabu-kabu kuma, magidanci mai 'ya'ya uku, ya yi ta zuba balas ɗin mai babur yana jiran ranar da za ta fashe, har mai babur ya karɓe abinsa. Idan aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce da ta sauran: wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti.

Wannan wasa ɗayan shi ne jarin masu sana'ar, domin idan hasashen wasa ɗaya ya kuskure a cikin waɗanda aka haɗa, tikitin gaba ɗaya ya faɗi. Wani malamin lissafi a cikinmu ya yi mana bayani cewa ko da a ce kowane wasa ci ne ko faɗuwa kawai, babu kunnen doki, wanda ya haɗa wasa goma a tikiti guda damarsa ta dacewa ɗaya ce cikin 1,024, kuma yaranmu sukan haɗa fiye da goma saboda ribar da ake nuna musu ta ƙara kumbura. Mafi muni ita ce ƙwallon kwamfuta da tseren karnuka na allo, waɗanda ba sa jiran Asabar ko Lahadi, ana gama zagaye cikin 'yan mintuna a sake sabo, ta yadda mutum zai iya ƙarar da cinikin yini kafin a kira La'asar.

Allah ya ba Sarki nasara, ba yau muka fara magana ba. Shekarun baya ɗaya daga cikin masu unguwanninmu ya taka da kansa zuwa wani shagon caca da aka buɗe kusa da makarantar Islamiyya, ya nemi a tashi daga wurin. Yaron shagon bai yi masa rashin kunya ba. Ya nuna masa wata takarda a cikin gilashi rataye a bango, mai ɗauke da tambarin gwamnatin tarayya, ya ce, "Baba, lasisinmu daga Abuja yake." Dattijon ya juyo ya dawo gida, domin a lokacin an ɗauka babu mai ja da takardar Abuja.

Asalin waccan takarda ita ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, wadda ta kafa hukumar NLRC don ba kamfanoni izinin gudanar da caca a faɗin Nijeriya. Jihar Legas ce ta fara ƙalubalantar dokar a 2008, ba don ƙin caca ba, sai don tana ganin ita ke da ikon ba da izini da karɓar haraji a cikin iyakarta. Shari'ar ta ɗauki shekara goma sha shida. Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Majalisar Tarayya, ba ta kuma cikin waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, saboda haka hurumin majalisun jihohi ce. Dokar 2005 ba ta da ƙarfi yanzu sai a Babban Birnin Tarayya. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce takardar da aka nuna wa mai unguwarmu ba ta da tasiri a Sakkwato, kuma abin da Majalisar Dokokin Jiha ta zartar shi ne doka. Legas ta yi shari'ar ne don aljihunta, amma hukuncin da ta samo ya buɗe wa jihar da ke son hanawa ƙofa daidai da yadda ya buɗe wa mai son karɓar haraji.

A nan ne tsoronmu na farko yake. Tunda iko ya dawo hannun jihohi, ba za a rasa masu zuwa da shawarar a mayar da caca hanyar samun kuɗin shiga ba, su kawo misalin Legas da hukumarta ta kula da caca. Muna roƙon Mai Alfarma ya riga su isa wurin mai girma Gwamna da 'yan majalisa talatin na jiha. Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 ba ta da fuskar da za ta buga hatiminta a kan lasisin caca, kuma duk abin da za a tara na haraji daga aljihun ɗan kabu-kabu da kuɗin cefanen matan aure zai fito.

Hana buɗe gidan caca ba sabon abu ba ne a Arewa, yana cikin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, tun da ta fara aiki a 1960, kuma a 1977 gwamnatin soja ta haramta injinan caca. Sai dai duk waɗannan an gina su ne a kan caca mai gida da ƙofa, wadda ɗan sanda zai iya shiga ya kama karta da kuɗi a kan tabarma. Ko shari'ar da aka ƙaddamar a 2000 ta riga wayar salula zuwa, domin sai a 2001 aka fara amfani da layukan GSM a ƙasar nan. Shi ya sa muke roƙon a sa masana shari'a su duba dokokin jiha, a ambaci cacar wasanni da ta intanet da sunansu ƙarara, a fayyace matsayin wakilin kamfani da mai gidan da ya ba da hayar shago da mai karɓar kuɗi yana buga wa yara tikiti ta wayarsa, don kada lauya ya samu kafar cewa hasashen ƙwallo gwaninta ce ba caca ba.

Mun ga yadda Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca a 2024, kuma mun san akwai masu ganin da an sa kwaɗo a ƙofa magana ta ƙare. Mu da muke zaune da yaran nan mun san ba ta ƙare ba. Yau yaro yana kwance a ɗakin uwarsa, da waya da data ta naira ɗari, zai tura kuɗi daga asusunsa ya buga abin da ya ga dama, babu wanda ya ji ƙarar komai. Kamfanonin suna rubuta cewa sai mai shekara 18, amma yaron da ya yi rajista da lambar yayansa ko ta mahaifiyarsa ya tsallake wannan shinge cikin minti biyu. Kuma layin waya da banki da tallar da ke faɗo wa mutum a Facebook da TikTok da tsakiyar wasan Firimiya a gidan kallo, duk ba a hannun jiha suke ba. Sadarwa tana ƙarƙashin NCC, harkar kuɗi tana ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya, talla kuma tana ƙarƙashin ARCON, dukkansu hukumomin tarayya ne. Ga jiha da ikon hanawa, ga makullin ƙofar da cacar ke shigowa a Abuja.

Wannan giɓi ne ya sa muka nufo fada maimakon mu tsaya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Muryar Sarkin Musulmi, wanda ke shugabantar Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam, tana isa inda tamu ba ta isa. Muna roƙon Sarki ya kira sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai goma sha ɗaya, ya ɗora musu nauyin neman a wajabta wa kamfanonin caca rufe manhajojinsu ga duk wanda ke cikin jihar da ta haramta, tunda wayar da ke iya nuna wa direba hanya ta san jihar da mai ita yake. A wajabta tantance shekaru da lambar NIN kafin a karɓi ko sisi, a kuma daina turo tallar caca ta saƙon waya ga wanda bai nema ba. Haka nan su sa ido a kan duk wani ƙudiri irin wanda aka kai Majalisar Tarayya a 2025 da nufin mayar da cacar intanet ƙarƙashin hukuma guda ta tarayya, domin idan irinsa ya zama doka ba tare da an kare ikon jihohi ba, takardar cikin gilashi za ta dawo, wannan karon a fuskar waya.

Akwai abin da ba sai an jira majalisa ba. Idan fada ta umarci iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su ƙidaya shagunan da ke yankunansu, su kira masu gidajen haya su yi musu nasiha, da yawa za su karɓi makullansu ba tare da an kai ga hukuma ba, domin mafi yawansu mutanen gari ne masu jin kunyar a ambace su a gaban Sarki. Muna kuma fatan limaman Juma'a su bayyana wa jama'a hukuncin Kotun Ƙoli, saboda har gobe akwai masu unguwannin da ke tsoron waccan takarda.

Ba mu goyon bayan kowa ya ɗauki doka a hannunsa, kuma mun ja kunnen matasanmu a kan haka. Garin nan akwai baƙi da waɗanda ba Musulmi ba da muke zaune lafiya da su, iyaye a cikinsu suna kuka da abin da muke kuka da shi. Yaran da ke tsaron shagunan ma namu ne, rashin aikin yi ya zaunar da su a bayan kwamfuta, don haka muna roƙon duk ranar da za a rufe shago a ba su wa'adi, a sa su cikin shirye-shiryen koyon sana'a na jiha. Wanda caca ta riga ta kama kuwa, ya sayar da waya ya ci bashi ya koma, yana buƙatar malami da likitan ƙwaƙwalwa fiye da bulala, kuma ga asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware kusa da mu.

Mun haɗo da wannan takarda tikiti da iyaye suka tsinta a aljihu da jakunkunan makaranta, mun goge duk abin da zai nuna mai shi. Rubutun irin wannan takarda yakan dushe cikin 'yan makonni, shi ya sa muka ɗauki hotonsu muka haɗa. Duk ranar da fada ta ga dama, wakilanmu a shirye suke su gurfana su yi bayani da baki, har da uwar yaron da mai unguwar da aka nuna wa lasisi.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne talakawan Sarki masu biyayya,
a madadin limamai da dattawa da iyaye mata da malaman makaranta na unguwannin da aka ambata.
Sunaye da sa hannu suna a takardar da ke biye.