Kafin mu yi wa jirgi tafi, a tambayi wanda ya ƙera injinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in sa baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta bayan la'asar a Tudun Wada. Wani yaro ne ya nuna mana bidiyon jirgin yaƙin Chaina a wayarsa, sai majalisa ta rabu biyu: wasu na cewa Chaina ta wuce Amurka, wasu na cewa ai duk kwaikwayo ne. Ni da na ƙare ƙuruciyata a gaban injin feƙe ƙarfe, na ce musu ku bar kallon fentin jirgi, ku tambayi abin da ke cikinsa.

Gangar jikin jirgi ƙasashe da dama na iya haɗawa. Injin jet kuwa, masu ƙera babbansa tun daga tushe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba sai da Chaina ta shigo: Amurka, Birtaniya, Faransa da Rasha. Chaina ma ta daɗe tana cin tuwo da miyar maƙwabta. Jirginta J-10 da injin Rasha AL-31 ya fara aiki, J-20 da ake ta zuzutawa ma da injin Rasha ya tashi a 2011. Nasu injin, WS-10 da suke kira Taihang, tun wajen 1987 aka soma aikinsa, kuma ya sha suka saboda saurin lalacewa. Sai da aka kwashe shekaru fiye da talatin kafin su amince su ɗora shi a kan J-10C mai inji ɗaya tak. A wurina wannan ita ce shaidar gaske, don jirgi mai inji biyu idan ɗaya ya mutu a sama akwai na biyu, mai ɗaya kuwa sai matuƙi ya nemi lema.

Me ya sa abin yake da wuya haka? Bari in faɗa da harshen maƙera. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake zubin tukunya ya san alminiyam yana narkewa a zafi maki 660 a ma'aunin Salsiyas. To iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai na injin jet na zamani ta haura maki 1,500, ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen ƙananan fuka-fukan fankar da take bugawa. Ga shi kuma fankar tana juyawa sau dubbai a minti guda. Dabarar ita ce a huda ƙananan kafofi a jikin kowane fiffike iska mai sauƙin zafi ta riƙa bi tana lulluɓe shi, a kuma shafe shi da wani rufi irin na tangaran. Sannan idan ka karya tukunyar zubi ka dubi bakin karayar za ka ga tsaki-tsaki, ƙwayoyin ƙarfe ne manne da juna, kuma daga mahaɗarsu tsagewa take farawa. Shi wannan fiffike ana zuba shi ne daga gaurayen nikel ya daskare a matsayin ƙwaya ɗaya, babu mahaɗa ko guda. Wannan ba a satar sa da hoto. Kana iya kwance injin wani ka auna komai, amma yadda aka dafa ƙarfen yana kan mutanen da suka ɓata dubunsa kafin su dace.

A ɓangaren jiragen fasinja Chaina ba ta kai gaci ba tukuna, masu cewa ta gama da kowa su ji. Jirginsu C919 ya fara tashi a 2017, ya fara ɗaukar fasinja a watan Mayun 2023 daga Shanghai zuwa Beijing, amma injinsa LEAP-1C na kamfanin CFM ne, haɗin gwiwar GE ta Amurka da Safran ta Faransa. A 2025, da rikicin kasuwanci ya yi zafi, Amurka ta dakatar da sayar musu da injin na ɗan lokaci. Wanda ya hau dokin aro dole ya sauka inda mai doki ya ce. Shi ya sa tun 2016 suka ware kamfani guda, AECC, aikinsa inji kawai, suna kuma gwada nasu CJ-1000A da suke so ya gaji na aron. Indiya ma ta gwada da injin Kaveri tun shekarun 1980, amma har yau jirginta Tejas da injin GE yake tashi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Kaduna. A nan garin aka haɗa Air Beetle, ƙaramin jirgin koyon tuƙi da ya fara tashi a 1989, aka yi guda 60 domin sojojin sama. Mun yi murna a lokacin, ni kaina na sha ɗaga kai ina kallonsu a sararin Mando. Injinsa na fistin ne, Lycoming daga Amurka, kuma ba laifi ba ne a fara da haka. Laifin shi ne daga nan ba mu ƙara taku ba, har aka wayi gari muna sayen Super Mushshak daga Fakistan ya maye gurbinsa. Kusan lokaci ɗaya muka soma Air Beetle da 'yan Chaina suka soma WS-10. Su sun jure wa kunya suka ci gaba, mu kuwa hannayen da suka ƙware sun watse. Na san wani abokin aikina da ido kawai yake gane kuskuren da bai kai kaurin gashi ba, a sayar da kayan babur ya ƙare.

Ba cewa nake gobe mu ƙera injin jet ba, ƙasar da masana'antar ƙarfenta ta Ajakuta ke kwance ba ta da bakin wannan alkawari. Amma muna da masana'antar makamai ta DICON tun 1964, muna da cibiyar fasaha ta sojojin sama AFIT, muna da kwalejin jiragen sama a Zariya. An ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018, duk a nan Kaduna. Ƙaramin injin irin waɗannan jirage shi ne daidai ƙarfinmu, in za a bar mutane ɗaya a kan aiki ɗaya shekara goma sha biyar ba tare da sabon shugaba ya zo ya soke ba.

Roƙona gare ku shi ne, duk ranar da aka sake gayyatar wakilinku bikin yanke kyalle a gaban wani jirgi da aka ce ƙirar gida ne, ya daure ya tambaya: wa ya ƙera injin, awa nawa yake yi kafin a kwance shi, kuma a ina ake kwance shi?

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Tsohon ma'aikacin feƙe ƙarfe,
Tudun Wada, Kaduna.