Gishirin Halstat da kantun gidanmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Ostiriya ya turo mini hotuna ta WhatsApp daga wani ƙauye mai suna Halstat, maƙale tsakanin dutse da tafki, mazaunansa ba su kai dubu ba. Ya ce, “Baba, garin gishiri ne, irin sana'ar gidanmu.” Tun ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekaru dubbai ke nan ana haƙo gishiri a cikin dutsen nan, har yau ba a daina ba. A 1846 shugaban ma'aikatan ramin, Johann Georg Ramsauer, ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a saman ƙauyen. Shekara 17 yana tono, kabari kusan dubu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yana sa a zana abin da aka tarar, a rubuta. An samu takubba masu ƙota ta hauren giwa, a ƙasar da giwa ba ta kiwo. Gishiri ne ya sayo su. Daga nan masana suka raɗa wa wani zamani sukutum na tarihin Turai, wajen 800 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sunan wannan ƙauye, zamanin da ake dangantawa da Keltawan farko, wata tsohuwar al'ummar Turai. Gishirin ma bai bar komai ya ruɓe ba: jakunkunan fata, tsummoki, har gawar wani mahaƙi da aka tsinta da tufafinsa a 1734. A 1997 UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya.

To mu fa? Kakana fatoma ne, wato mai masaukin fatake, a unguwar Zango ta Damagaram. Ina yaro, idan sanyi ya shigo, ayarin Buzaye da ya ɗauko gishiri daga Bilma da Fashi yakan sauka a ƙofar gidanmu. A jera kantun gishiri a zaure kamar turame a kife, na dabbobi ke nan, beza kuma na miya. Su karɓi gero da tufafi, wasu su wuce Kano. Ga kanwa da mangul daga ƙasar Manga. Ƙaurin raƙuma da hayaƙin shayi har yanzu suna hancina. Da kuɗin kantun nan aka sa ni lakwal.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, don nawa ya ishe ni. Kaka ya bar takardun ajami da yake rubuta bashin madugai, sunan kowa da yawan kantunsa. Shekara talatin ina koyar da yara tarihin wasu ƙasashe, takardun suna cikin adaka a ƙuryar ɗaki. Da zauren ya faɗi a damina na buɗe, sai na tarar gara ta riga ni. Shafi huɗu na tsira da su.

Roƙona, Malam Edita, ka turo wakilinka Damagaram da rakoda. A Zango kaɗai na san tsofaffi uku da suka yi dillancin kantu, ɗayansu ya taɓa bin ayari har Bilma, yanzu sai an ɗaga murya yake ji. Ni zan yi masa jagora, masauki da abinci a wuyana, shafuka huɗun ma zan ba shi ya ɗauki hotonsu.

Naka,
Tsohon malamin lakwal,
Zango, Damagaram