Wasiƙa ga Baba kan ƙirgar ɗakuna masu taya

Ingila,
watan Janairu.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida, kamar yadda nake a nan lafiya. Yaya hazo? Mu nan sanyi ya kai inda ya kai, ƙarfe huɗu da rabi na yamma an yi magariba.

Ranar Juma'a kun tambaye ni me na ce mun fita ƙirgawa, kafin in gama bayani layi ya yanke. Na ga gara in rubuta, Yaya ya karanta muku a tsanake.

Akwai wasu mutane a ƙasar nan da rayuwarsu ta asali tafiya ce. Kashi ɗaya su ne Jifsi, waɗanda ake kira Romani. Kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso, kuma sun yi wajen shekara 500 a Birtaniya. Ɗaya kashin Matafiya ne 'yan asalin Ailan, su ma da nasu harshe da al'adunsu. Kotu ta amince cewa kowannensu ƙabila ce mai zaman kanta, na farko a 1988, na biyu a 2000. Sana'arsu saran itatuwa, shimfiɗa kwalta a ƙofar gidaje, gwangwan, da cinikin dawakai. Duk watan Yuni suna cika wani gari mai suna Appleby don kasuwar dawaki. Mazauninsu na al'ada ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota a ja, karaban ake ce masa, da gado da murhu da komai a ciki.

To waɗannan ɗakunan muka fita ƙirgawa. Tun 1979 gwamnati take sa ƙananan hukumomin Ingila su yi wannan aiki sau biyu a shekara, Janairu da Yuli, kowa a rana guda, don kada wanda ya kwana nan jiya a sake ƙirga shi gobe a wani gari. Da sanyi yawanci suna zaune wuri ɗaya, da rani ya shigo kuma a hau hanya, shi ya sa ake yin biyun. Da yake ina aiki a sashen gidaje na ƙaramar hukuma, sai aka haɗa ni da jami'ar da ke hulɗa da su, ita tana tuƙi ni ina riƙe da takarda.

Takardar gida huɗu gare ta. Akwai filin da hukuma ta tanada ana biyan haya. Akwai filin da mutum ya saya da kuɗinsa kuma ya sami izinin zama. Waɗannan biyun halal ne a idon doka. Sai wanda ya sayi filinsa amma ba a ba shi izini ba, sai kuma wanda ya sauka a filin da ba nasa ba, bakin hanya ko filin wasa ko wurin ajiye motoci. A ƙirgar farko an sami dubu 8 da 'yan kai. Yanzu sun haura 25,000, kuma fiye da takwas cikin goma suna wurin da doka ta yarda.

Baba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne gida na uku. Idan mutum yana karanta jaridun ƙasar nan sai ya ɗauka duk wanda ba shi da izini ɗan kutse ne a filin wani. Alhali lissafin gwamnati da kansa ya nuna mafi yawansu a kan ƙasarsu suke, da takardar saye a hannu. A nan mallakar fili daban, izinin kwana a cikinsa daban. Kana iya sayen gona ka biya lakadan, ka kafa ɗakinka, hukumar tsara gari ta ce ka tashi.

Yadda aka zo nan kuwa yana da tarihi. A 1968 an yi doka da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tanadar musu wuraren sauka. Wasu suka yi, wasu suka yi ta jan ƙafa. A 1994 aka soke wajabcin, aka ƙara wa 'yan sanda ikon kora, aka ce musu kowa ya je ya sayi nasa fili. Suka saya. Amma filin da talaka zai iya saye yawanci a bayan gari yake, cikin yankin da aka keɓe aka hana gini, kuma da zarar maƙwabta sun ji wanda ya saya sai takardun ƙorafi su cika ofis. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Mafi shahara shi ne wani wuri da ake kira Dale Farm a yankin Essex, inda a watan Oktoban 2011 aka zo da 'yan sandan kwantar da tarzoma aka tashi iyalai wajen 80 daga filin da suka saya, wanda wani ɓangarensa a da ma wurin tara ruɓaɓɓun motoci ne. Sannan a 2022 aka yi sabuwar doka: wanda ya sauka a filin wani da mota ya ƙi tashi, ana iya ɗaure shi wata uku, ko tarar fam 2,500, a kuma ƙwace motar. Motar nan ko ita ce gidan.

Na san abin da zai zo muku a rai, don ni ma shi ya zo mini, saboda shekarun da kuka yi kuna zagaya rugage kuna allurar shanu. Kun sha gaya mana yadda aka yi dokar makiyaya ta 1965 a Arewa, aka shata burtali, daga baya gonaki da gidaje suka cinye shi, sannan aka koma ana tambayar Bafulatani me ya kawo shi gonar mutane. Bambancin dai nan babu shanu, kuma faɗan da takarda da lauya ake yin sa.

Filin hukuma da muka fara zuwa yana manne da babbar hanya, ƙarar manyan motoci ba ta yankewa. Jami'ar ta ce kada in yi mamaki, da yawa haka suke, ko gefen titin jirgi, ko kusa da juji ko matatar ruwan ƙazanta. Kowane iyali da yankinsa, da ɗan gini mai banɗaki da wurin wanki. Wata dattijuwa ta kira mu shan shayi. Wallahi Baba tsabtar ɗakin nan sai wanda ya gani. Ba sa kewayawa a cikin ɗakin da suke kwana, kuma kwanon wanke-wanke ba ya haɗuwa da na wanki. Inna ta gani da ta yi musu shaida.

A yankin dattijuwar ɗakuna uku na tarar a wurin da aka yi domin biyu. Na ukun na ɗanta ne da ya yi aure, ya daɗe yana jiran a ba shi nasa wuri, babu. Na rubuta uku a gidan masu izini, aiki ya yi daidai. Amma takardar ba ta da inda zan rubuta cewa iyali biyu ne a matse, ko yara nawa ne, ko wa ke jiran layi. Ɗaki ake ƙirgawa, ba mutum ba. Wanda kuma ya gaji da kora ya karɓi gidan bulo ba da son ransa ba, shi ya fita daga lissafin gaba ɗaya. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta sami mutanen nan kimanin 67,800 a Ingila da Wales, kusan huɗu cikin biyar a gidajen gini suke, kuma ƙungiyoyinsu na cewa sun fi haka nesa, don da yawa suna ɓoye asalinsu saboda neman aiki.

Ba zan ce masu ƙorafi ba su da tasu hujja ba. Mutum ya wayi gari ya ga motoci sun cika filin da 'ya'yansa ke ƙwallo, bayan an tashi a bar shara, kuɗin kwashewa daga harajinsa, dole ransa ya ɓaci. Sai dai kora ba ta rage adadi, gaba kawai take turawa, garin da ke maƙwabtaka ya gada. A birnin Leeds sun gwada wata dabara: a zauna da iyalin a yi yarjejeniya, a nuna musu inda za su sauka na ɗan lokaci, a kawo banɗaki da mazubin shara, su kuma su kiyaye sharaɗi. Wales kuma ta maido da wajabcin tanadar wuri tun 2014. Ni a ganina wannan ya fi hankali, amma ni ɗan riƙon takarda ne, ba a tambaye ni ba.

Na tura kuɗin kwanon rufi ta hannun Yaya, da ɗan abin da za a ƙara a kuɗin makarantar Auta. Don Allah a gyara ɗakin Gwaggo kafin damina, kada a jira sai ruwa ya sauka. Maganar zuwa gida, za a sake wannan ƙirga a Yuli kuma an riga an sa sunana, don haka sai bayanta zan nemi hutu in Allah ya yarda.

A gaida Inna da kyau, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. A gaida Liman da mutanen zaure. Ina neman addu'arku.

Haza wasalam,
Ɗanku.