Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar waken da ya canja launi

Assalamu alaikum.

Ƙorafinku ya iso gare mu. Wasu sun ce farin waken da suka auna a wurinmu ya yi ja-ja, wasu sun ce sai an ƙona gawayi mai yawa kafin ya nuna, ko da an jefa kanwa. Har mun ji ana yaɗawa wai tsohon wake muke gaurayawa da sabo. Wannan maganar ta yi mana ciwo, Allah ya sani ba halinmu ba ne.

Waken na kakar da ta wuce ne, daga Dawanau muka ɗauko shi a bushe sarai, in ka ciza sai ka ji ƙas. Matsalar daga mai sito ta taso. Ana gab da faɗuwar damina ya ninka kuɗin haya, ya ce ko mu biya a dunƙule ko mu kwashe kayanmu. Mun roƙa, mun tura dattawa, ya ƙi. Wurin da muka samu cikin gaggawa rufin kwano ne babu silin, babu tagar kirki. Da rana ciki ya ɗau zafi, ga laimar Agusta tana tasowa daga daɓe. Wake kuwa in zafi da laima suka haɗu a kansa, ɓawonsa duhu yake yi, cikinsa ya taurare, ya daɗe a tukunya bai yi laushi ba. A farin wake aka fi ganin haka. Buhunan da ke jikin bango da na saman jeri, kusa da kwano, su suka fi taɓuwa. Wanda muka ɗaure a buhun PICS mai leda biyu a ciki ƙwari ba su shige shi ba, amma leda ba ta tare zafi.

Abu ɗaya muke so ku riƙe: ba magani ne ya canja launin ba. Ba ma zuba fiya-fiya a wake, irin gubar da ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da 'ya'yanmu ba za su ci ba, ba za mu auna muku ba.

Mai niƙawa don ƙosai ko alala ba zai ga bambanci sosai ba. Mai garau-garau ya jiƙa tun dare da ɗan gishiri, zai rage lokacin dahuwa. Maganar sito kuma muna kan ƙoƙari, za ku ga canji in sha Allah.

Hajiyarmu mai ƙosai da ke auna a nan tun mahaifinmu yana raye, da Baba mai gidan abinci da bai taɓa neman a kwance masa bakin buhu ya duba ba, da matan unguwa masu aiko yara da kwano, mun gode, Allah ya bar zumunci. Don Allah wanda ya ga abin da bai yi masa ba, ya tako shago mu yi magana kafin ya juya wani wuri.

Naku,
Masu shago